JINYAR ITACEN MARMARI NA TUKUNYA BAYAN AN SAUYA MASA MAZAUNI

(Jawabin da aka gabatar a zauren taron shekara-shekara na ƙungiya)

Gabatarwa



Da kwamitin shirya taro ya nemi mu gabatar da jawabi, mun san wasu za su yi mamakin jin cewa a kan itacen da ke cikin tukunya za mu yi magana. Dalilinmu shi ne, akasarin waɗanda ke zaune a wannan zaure mazauna birane ne. Wasunmu a gidan haya suke, wasu kuma a gidajen da aka malale tsakar gidansu da siminti, babu inda za a haƙa rami a yi dashe. Duk da haka, wanda ya tashi a gida mai lemu ko gwaba ba ya rabuwa da sha'awar ganin ɗanyen ganye a ƙofar ɗakinsa. Shi ya sa idan hutu ya ƙare za ka ga bayan mota ɗauke da 'yan dashe a cikin leda, ana tafiya da su Kano, Kaduna, Abuja ko Legas. Da yawa daga cikin waɗannan itatuwa sukan jure wahalar hanya, su yi shekaru a tukunya, sannan su mutu cikin makonni kaɗan bayan ranar da aka ce za a kyautata musu da sabuwar tukunya. Wannan jawabi zai yi bayani ne a kan abin da ke samun itace a wannan lokaci, da yadda za a yi jinyarsa har ya farfaɗo.

Abin Da Ya Same Mu

Muna da wani lemun tsami da muka taso da shi daga gida, ɗan itacen da mahaifinmu ya dasa a bakin rijiya. Uwar itacen ta daɗe da bushewa, saboda haka wannan ne kaɗai ya rage daga irinta. Ya shekara takwas tare da mu a birni cikin tukunya, tsawonsa bai kai ƙugun mutum ba, amma yana ba mu 'ya'ya. Shekaru uku da suka wuce muka lura cewa in an zuba masa ruwa sai ya kwanta a sama ya ƙi shiga, saiwoyi kuma sun leƙo ta ƙasan tukunya. Muka karanta a littafin masu wannan sana'a na ƙasashen waje cewa watan Maris ne lokacin sauya tukunya, muka bi ba tare da tunani ba. Muka zare shi, muka datse kusan rabin saiwoyinsa, muka wanke tsohuwar ƙasar tas, muka dasa shi a babbar tukunya, muka mayar da shi inda ya saba zama a rana.

Kafin kwana goma ganye ya lanƙwashe ya fara zuba. Hankalinmu ya tashi, muka shiga ba shi ruwa safe da yamma, muka barbaɗa masa takin zamani don ya yi ƙarfi. Garin neman ƙiba muka samo rama, domin cikin mako uku ba a iya ƙirga ganye ashirin a jikinsa. Wani dattijo mai sayar da dashe a bakin titi ne ya zo ya duba shi, ya nuna mana cewa kusan duk abin da muka yi da sunan taimako ƙarin ciwo ne. Daga bakinsa, da kuma abin da muka bincika daga baya, muka tattaro bayanan da za mu gabatar.

Asalin Renon Itace A Tukunya

Mutanen da suka fi kowa ƙwarewa a wannan fanni su ne na ƙasashen Sin da Japan. Japanawa suna kiran sana'ar bonsai, ma'ana shuka a cikin faranti. Ana ɗaukar itace na sosai, irin wanda da a daji yake zai yi girma, a rene shi a ƙaramin kasko, ana rage masa rassa da saiwoyi lokaci-lokaci, har ya tsufa yana ɗan ƙarami amma da kamannin babban itace. Sana'ar ta faro ne daga ƙasar Sin, inda aka samu zanen bayi ɗauke da irin waɗannan shuke-shuke a bangon kabarin wani yarima na daular Tang, wanda aka yi a shekarar 706. Daga can ta ƙetara Japan, har ta bayyana a wani sanannen zanen naɗi na shekarar 1309. Bayan girgizar ƙasar da ta rusa Tokyo a 1923, masu renon itatuwan birnin suka ƙaura zuwa Omiya, suka kafa unguwa tasu a 1925, kuma a 2010 aka buɗe gidan adana bonsai a can.

Misali ɗaya ya isa ya nuna iyakar ƙwarewarsu. Akwai wani itacen fayin da aka fara reno a tukunya tun 1625. Yana gidan iyalin Yamaki a Hiroshima lokacin da aka jefa bam ɗin nukiliya a 1945, tazarar kimanin kilomita 3 daga inda ya fashe, ya kuma tsira. A 1976 Masaru Yamaki ya bayar da shi cikin itatuwa 53 da Japan ta yi wa Amurka kyauta albarkacin cikarta shekara 200 da samun 'yanci, aka ajiye shi a gandun itatuwa na ƙasa da ke birnin Washinton. Itacen da ya shekara ɗari huɗu a tukunya an sauya masa ƙasa an datse masa saiwa sau da dama, bai mutu ba. Wannan ya nuna cewa sauya tukunya ba hukuncin kisa ba ne, matuƙar an san lokacin yi da kuma jinyar da ke biyo baya.

Su ma suna renon itatuwan marmari ta wannan hanya, kamar rumman, da ƙananan lemu, da ɓaure, da zaitun. Wani abin lura shi ne, ganye yakan ƙanƙance idan an daɗe ana reno, amma fure da 'ya'ya ba sa raguwa sosai, don haka sukan zaɓi irin da 'ya'yansa ƙanana ne tun asali. A ƙasashe masu zafi kamar Indiya da Filifin ana renon tsamiya, a Afirka ta Kudu kuma har kuka ake renowa. Ke nan lemun tsami, gwaba, rumman, tsamiya da ɓaure da muka sani duk suna karɓar wannan reno, kuma dokokin jinyarsu ɗaya ne, ko a ɗan kasko suke ko a rabin duro.

Me Ke Faruwa A Ƙarƙashin Ƙasa?

Manyan saiwoyin da muke gani aikinsu riƙe itace da ajiyar abinci. Masu shan ruwa su ne ƙananan nan masu kama da zare, da 'yan gashin da ke bakinsu waɗanda ido ba ya gani sosai. Su ne kuma suka fi saurin lalacewa, domin 'yan mintoci a iska ko a rana sun isa su busar da su. Duk ranar da aka zare itace daga tukunya, an yi asarar kaso mai yawa daga cikinsu, ko da ba a sa almakashi ba.

Shi kuwa ganye bai san abin da ya faru a ƙasa ba. Yana da 'yan ƙofofi ƙanana da yake shaƙar iska ta cikinsu, ta nan ne kuma ruwa ke fita. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan da itace ke sha ta ganye yake tashi ya bi iska. To, ga masu jawo ruwa sun ragu, ga masu fitar da shi suna nan yadda suke. Abin ya yi kama da gida mai mutum ashirin da guga ɗaya ya rage musu a bakin rijiya. Itacen zai fara rufe ƙofofin ganyensa, idan hakan bai isa ba ya lanƙwashe, idan abin ya ci tura ya zubar da ganye don ya rage masu buƙata.

A wannan hali itacen yana rayuwa ne da abincin da ya tara a gangar jikinsa da manyan saiwoyi, da shi kuma zai ƙera sababbin saiwoyi. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Jinyar gaba ɗayanta a kan abu biyu ta tsaya: a rage wa saiwa nauyin da ke kanta, a kuma hana ajiyar nan ƙarewa kafin sababbin saiwoyi su kama aiki.

A Fara Da Tabbatar Da Halin Da Yake Ciki

Kafin a yi komai, a sa farce a ɗan kankare ɓawon reshe. Idan an ga kore mai danshi a ƙarƙashi, reshen na da rai. Idan ruwan ƙasa ne busasshe, a gangaro ƙasa a sake gwadawa, har zuwa gindi. Muddin akwai kore a gangar jiki, ba a fid da rai ba. Reshe mai rai yakan tanƙwaru, matacce kuwa karyewa yake yi.

A duba yadda ganye ya rabu da itacen. Wanda ya zube da kansa ya fi ba da ƙwarin gwiwa a kan wanda ya bushe ƙamas yana maƙale a reshe, domin sakin ganye aiki ne da itace mai rai kaɗai ke iya yi. Daga nan a duba ƙasa. Idan ta bushe ganye kuma ya yi yaushi, ƙishirwa ce, maganinta na kusa. Idan kuwa ƙasa jiƙe take sharkaf amma ganye na yaushi yana komawa ruwan ɗorawa, musamman in ana jin tsami-tsami daga ramin ƙasan tukunya, to saiwa ce ta fara ruɓewa. Alamomin biyu sun yi kama a ganye, amma maganin ɗaya dafi ne ga ɗayan, kuma a nan ne mu muka yi kuskure.

Matakan Jinya

Na farko, mazauni. A kai itacen inuwa mai haske, kamar ƙarƙashin rumfa ko gefen katanga ta gabas, inda zai samu hantsin safe kaɗai, ya tsira daga ranar tsaka da ta la'asar. A kare shi daga iska, domin iska mai bushewa tana zuƙe ganye kamar yadda rana ke yi. Kada a ajiye tukunya kai tsaye a kan simintin da ya sha rana, a ɗora ta a kan katako ko bulo biyu, wanda hakan zai kuma bar ruwa ya tsiyaye. Kada a shigar da shi ɗaki mai duhu ko mai na'urar sanyaya ɗaki, domin sauran ganyen da ya rage yana buƙatar haske ya yi abinci. In an samu wurin da ya dace a bar shi nan mako biyu zuwa huɗu, a daina yawo da shi.

Na biyu, a hana shi motsi. Sabuwar saiwa ta fi zaren ɗinki rauni, kuma duk girgizar da iska ko hannun yaro ya yi wa itacen tana tsinka ta. Masu bonsai sukan zura waya ta ramukan ƙasan kasko su ɗaure gindin itacen da ita. Wanda bai yi haka ba tun farko, ya ɗaure gangar jikin da igiya mai taushi zuwa bakin tukunya ta ɓangare uku. Kada kuma a riƙa tona ƙasa ko jan itacen don a ga ko ya kama.

Na uku, ruwa, wanda shi ne ya fi kashe itatuwan jinya. Saiwa tana numfashi, tana buƙatar iskar da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. Idan ruwa ya cike waɗannan gurabe dare da rana sai ta shaƙe, ƙwayoyin cuta masu son laima su samu ƙofa, kuma lemu na cikin itatuwan da ruɓewar saiwa ta fi yi wa illa. Bugu da ƙari, itacen da ya zubar da ganye ba ya shan ko rabin abin da ya saba sha. Saboda haka a daina ba da ruwa bisa agogo. A soka tsinken tsire a ƙasar tukunya a bar shi, kullum da safe a zaro a duba. Idan ya fito da danshi a dakata, idan ya fara bushewa a zuba ruwa a hankali har ya fito ta ƙasa, sannan a bari sai ya sake nema. Kada tukunya ta zauna cikin faranti mai ruwa. Ruwan sama ya fi kowane ruwa. Ruwan tankin da ya sha rana a bari ya huce, ruwan wanki da na wanke-wanke kuwa kada ya kusance shi. Mazauna Legas da Fatakwal, inda ruwan sama kan yi kwanaki yana zuba, su sa itacen ƙarƙashin rumfa, su kuma ɗan karkata tukunyar da dutse don ruwa ya fita.

Na huɗu, laimar iska. Yayyafa wa ganye da rassa ruwa da safe da yamma yana rage musu zafi ba tare da an jiƙa ƙasa ba. Idan itacen ya yi rauni ƙwarai, a kafa 'yan sanduna a rufa masa farar leda mai huji-huji, yadda ba za ta taɓa ganye ba, a riƙa buɗewa kullum ya sha iska. Wannan dabara a inuwa kaɗai ake yin ta. Leda a rana tukunyar dahuwa ce, sa'a guda ta isa ta gama da shi. In toho ya fito a riƙa ƙara buɗe ledar kaɗan-kaɗan cikin mako guda kafin a cire ta.

Na biyar, a ɗage hannu daga taki. Takin zamani gishiri ne, kuma kowace uwargida ta san abin da gishiri ke yi wa yankakkiyar albasa: ruwanta yake jawowa waje. Haka yake yi wa saiwar da ke da sabon rauni. Ɗanyen kashin kaji ma haka yake ƙonawa. A jira aƙalla mako huɗu zuwa shida, har sai sabon ganye ya buɗe ya yi ƙwari, sannan a fara da rubu'in abin da aka saba bayarwa, a kan ƙasa mai danshi. Wanda ya riga ya zuba kamar yadda muka yi, ya kwashe wanda ke sama, ya kwarara ruwa mai yawa sau ɗaya don ya wanke sauran, sannan ya bar ƙasar ta tsane. Akwai kuma ruwan magani mai bitamin B1 da ake sayarwa da sunan farfaɗo da dashe. Gwaje-gwajen masana aikin lambu ba su nuna cewa bitamin ɗin na sa saiwa fitowa ba, don haka a adana kuɗin.

Na shida, wanda ya fi ciwo a zuciya, a cire fure da 'ya'ya duka. Babu abin da ke cinye ajiyar itace kamar 'ya'ya. Kada kuma fure ya ruɗe mu mu ɗauka alamar lafiya ce, domin lemu yakan yi fure idan ya sha wuya. Manoman lemun tsami a tsibirin Sisili na Italiya sun daɗe da sanin haka, har sukan hana gonakinsu ruwa na wasu makonni da rani da gangan, sannan su sake shi, itatuwan su ɓarke da fure. Abin da babban itace mai saiwa a ƙasa zai jure, ɗan tukunya mai jinya ba zai jure ba. Namu ya yi fure a mako na shida, yara suka yi murna, muka tsinke shi suna kallo. A haƙura da 'ya'yan shekara guda don a ci na shekaru.

Na bakwai, a ajiye almakashi. Kowane koren ganye da ya rage yana yi wa saiwa abinci, kuma a kan tohon rassa ne itace ke haɗa sinadarin da ke gangarawa ya umarci saiwa ta tsiro. Aski da lanƙwasa rassa da waya su jira shekara mai zuwa. Reshen da ake zaton ya mutu ma a ba shi wata biyu, sau da yawa yakan toho daga tsakiya. Abu ɗaya ne za a cire ba jira: idan itacen mai aure ne, duk tohon da ya fito ƙasa da mahaɗar auren na gindin ne, in an bar shi zai ƙwace ƙarfin na sama.

Na takwas, a sa ido kan ƙwari, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A riƙa duba bayan ganye don ganin darɓa, da farin ƙwaron nan mai kama da auduga, da masu maƙalewa a reshe kamar ƙuraje. Yawan zirga-zirgar tururuwa a jikin itace alama ce cewa suna nan. A cire su da hannu ko da tsumma mai laima. In sun yi yawa a fesa ruwan ganyen darbejiya ko ruwan sabulu marar ƙarfi da yamma, a rufe bakin tukunya kada ya gangara cikin ƙasa. A kuma riƙa ɗaga tukunya ana duba ƙarƙashinta saboda gara.

Yaushe Ne Za A Sake Zare Shi?

Doka ita ce ba a sauya wa itace tukunya sau biyu a jere. Togaciya ɗaya ce: idan ƙasar ta ƙi tsanewa bayan kwanaki, tana wari, itacen kuma kullum baya yake yi. A nan barinsa shi ne kisa. A zare shi a inuwa a hankali, a yanke saiwoyin da suka yi baƙi suka yi laushi da wuƙa mai tsabta, a bar masu fari da ƙwari, a mayar da shi ƙaramar tukunya mai ƙasa mai tsakuwa. Haka muka yi wa namu, domin babbar tukunyar da muka ɗauka gata ce ta zame masa fadama: ƙasa mai yawa tana riƙe ruwan da 'yan saiwoyinsa ba za su iya shanyewa ba.

Alamomin Samun Sauƙi

Alama ta farko ita ce zubar ganye ta tsaya. Sai idanun toho su kumbura a jikin rassa, galibi tsakanin mako uku zuwa takwas, tsamiya da rumman kuwa sukan zauna tsirara fiye da haka su dawo. Amma kada a yi saurin guɗa, domin tohon farko da ajiyar jiki yake fitowa, yana iya fitowa ya sake bushewa idan saiwa ba ta kama ba. Shaidar gaskiya ita ce ganyen ya buɗe ya yi duhu ya yi ƙwari, toho na biyu ya biyo baya, tsinken da ke cikin tukunya kuma ya fara saurin bushewa, wato an samu masu shan ruwa a ƙasa. Daga nan a fara mayar da shi rana da ƙarin sa'a guda bayan kowane kwana uku ko huɗu. Namu ya ɗauki wata uku kafin ya tsaya da ƙafarsa, ya rasa manyan rassa biyu, bai kuma sake ba mu lemu ba sai a shekara ta biyu.

Rigakafi

Littattafan Japan da na Turai suna cewa a sauya tukunya a ƙarshen sanyi, wajen watan Maris, saboda a can lokacin ne itatuwa ke farkawa, ga sanyi-sanyi ga laima. A ƙasar Hausa kuwa Maris ƙofar bazara ce, zafi na haurawa zuwa digiri 40 a Kano da Sakkwato, iska kuma a bushe. Hunturu ma bai dace ba, saboda iskarsa ba ta bar leɓen mutum ba balle ganye. Lokacinmu shi ne farkon damina, bayan ruwa ya zauna, wajen Yuni zuwa farkon Yuli a Arewa, kafin haka kuma a Kudu. Manomanmu sun san wannan tun kaka da kakanni, mu ne muka bar sanin gida muka bi kalandar wasu.

Ƙaramin itace yakan buƙaci sauyi bayan shekara biyu ko uku, tsoho kuwa uku zuwa biyar. Kada a datse fiye da sulusin saiwa, kada a wanke tsohuwar ƙasar da ke manne da gindi gaba ɗaya, kada kuma a taɓa itacen da ba shi da lafiya ko yake ɗauke da 'ya'ya. Sabuwar tukunya ta ɗara tsohuwar da kaɗan kawai, ta kasance da ramuka a ƙasa, ta yumɓu kuma ta fi ta roba sanyi. Japanawa suna amfani da wata ƙasa mai ƙwaya-ƙwaya ta yankin duwatsu masu aman wuta da suke kira akadama. Mu muna iya haɗa yashin kogi mai tsakuwa, da farfasasshen jan bulo ko tsingaro, da ɗan gawayi, da ruɓaɓɓen taki wanda ya shekara, a tankaɗe ƙurar a zubar. A haɗa komai a ajiye kusa kafin a zare itacen, a yi aikin da yamma a inuwa, a gama da wuri.

Kammalawa

Mai girma shugaban taro, iyaye da 'yan'uwa, abin da muka koya daga wannan lemu shi ne, mai jinyar itace ya fi buƙatar ido a kan hannu. Inuwa, ɗauri, ruwa daidai buƙata, da haƙurin barin taki da almakashi da 'ya'ya har saiwa ta dawo, su ne maganin. Muna roƙon duk wanda ke da irin wannan itace a gida, musamman wanda ya gada daga gidan iyaye, da ya jira damina kafin ya taɓa shi, ya kuma karya reshe ko ya ajiye iri ya dasa na biyu, don kada irin ya dogara ga tukunya ɗaya. Mu mun yi haka, kuma cikin 'ya'yan wancan lemu mun zo da guda shida a leda, suna bakin ƙofar zaure ga masu buƙata.